Ranar sakin gonaki a Nijar: yadda awo da alƙaluma ke shiga shawarar manoma da makiyaya

Sakin gonaki, wanda takardun gwamnati ke kira «libération des champs» da Faransanci, rana ce da hukuma ke tsaidawa a ƙarshen kaka, wadda daga ita dabbobi ke da izinin shiga gonakin damana su ci kara da ganyen da girbi ya bari. Kafin wannan rana, duk dabbar da ta shiga gona ta ci amfani, mai ita zai biya ɓarna. Bayanta kuwa, manomin da ya bar hatsinsa ko wakensa a fili ba shi da hurumin neman diyya. Da wannan rana ake rarrabe mai laifi da mai gaskiya a dubban ƙauyukan kudancin Nijar, daga Doso har Damagaram.

An san abin da kan biyo baya idan al'amarin ya ɓaci. A ƙarshen Oktoban 1991, a Toda da ke yankin Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. A farkon Nuwamban 2016, a Bangi cikin gundumar Madawa, an kashe aƙalla mutum 18. Duka biyun sun faru ne a waɗannan makonni na kaka, lokacin da garkuna ke saukowa daga arewa alhali amfani bai gama shiga rumbu ba. Shi ya sa taron tsaida ranar ya zama wurin da ake gani ƙarara abin da hujjar kimiyya ke iya yi wa shawarar jama'a, da kuma inda ƙarfinta ke ƙarewa.

Wa ke yanke shawarar

Dokar 26 ga Mayun 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. A jihar Maraɗi, kwarin Tarka ne jama'a suka sani a matsayin wannan iyaka, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallaka shi. Tsarin shi ne dabbobi su hau arewa da damana, su dawo kudu bayan girbi. Dokar 2 ga Maris ta 1993, wadda ta kafa ginshiƙan kundin dokokin karkara, ita ta haifi hukumomin kula da filaye da aka fi sani da Cofo: ta ƙauye ƙarƙashin maigari ko shugaban ƙabilar makiyaya, ta ƙaramar hukuma ƙarƙashin magajin gari, ta gunduma ƙarƙashin shugaban gunduma. A cikinsu akwai sarakuna, ma'aikatan noma da kiwo da gandun daji, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ce ta fayyace batun ranar. Ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma ce hukumar jiha ce ke tsaida ranar rufe gonaki da ranar sakinsu, bayan rahoton ofishin jiha na kundin dokokin karkara, da jin ra'ayin hukumomin Cofo da na ƙungiyoyin manoma da makiyaya. A aikace, ana fara tattaunawa daga ƙasa, a kai shawarwari taron jiha, wanda galibi ake yi cikin Nuwamba. Ranar takan faɗa cikin Disamba, kuma ba dole ba ne ta zama ɗaya ga dukan gundumomi.

Ke nan sa hannu na hukuma ne, amma an gina shawarar a kan zaman mutanen da bukatunsu suka saɓa. Manomi na son a jinkirta, makiyayi na son a gaggauta, kowanne kuma yana da dalilin da ba ƙarya ba ne.

Hujjojin da ake kawowa taro

Hujja ta farko ita ce halin da damana ta kasance. Duk kwana goma, ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa da takwarorinta na noma, kiwo da ruwa na fitar da rahoto guda: ruwan da kowace tasha ta auna, yawan ƙauyukan da suka yi shuka cikin ƙauyukan noma sama da 12,000 da ake bibiya, da matakin da hatsi ya kai, ko ya fid da kai, ko ya yi bununi, ko ya nuna. Daga ranar shuka ana iya lissafa ranar girbi, tun da gero mai saurin nuna kamar HKP na ɗaukar kimanin kwana 90, maiwa da dawa mai nauyi kuwa sukan kai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba.

Ita kanta ranar faɗuwar damana tana da ma'auni. Wanda masanin yanayi Sivakumar ya tsara a 1988 a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, cewa ya yi: bayan 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada fari ya wuce kwana bakwai cikin kwanaki 30 da suka biyo baya. Sharaɗin na biyu shi ne abin lura, domin manomin da ya yi shuka bayan ruwan fari, shukar ta ƙone, ya sake, girbinsa zai makara da makonni ko da littafin ma'aikata ya rubuta ƙauyensu cikin waɗanda suka yi shuka da wuri.

Hujja ta biyu ita ce lissafin ciyawa, wanda ma'aikatar kiwo ke yi kowace shekara a ƙarshen damana. Ma'aikata na zuwa wuraren da aka keɓe, su yanke ciyawar da ke cikin murabba'in mita guda a wurare da dama, su shanya ta, su auna. Sannan a haɗa awon da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna ƙarfin koren ganye a faɗin ƙasa, a ƙiyasta yawan ciyawar wuraren da ƙafa ba ta taka ba. A ƙara da karan gero da dawa da harawar wake na yankin noma. Ba dukan ciyawar daji ake ƙirgawa ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake ɗauka zai shiga cikin dabba, sauran na tafiya ga gara, iska, gobarar daji da takun kofato.

A ɗaya ɓangaren kuma ana lissafa bukatar dabbobi da ma'aunin da ake kira UBT, wato dabba mai nauyin kilo 250 da ke cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana. Cikin kwanaki 270 na rani, ke nan tan 1.7. Raƙumi ko doki na daidai da ma'auni guda, saniya kimanin 0.8, tumaki ko awaki kuwa sai an haɗa bakwai zuwa goma. Alal misali, garken shanu 50 ya zama ma'auni 40, yana bukatar tan 68 kafin wata damana. Idan eka ta ba da kilo 600, wanda 200 kaɗai za a ci, garken na bukatar eka 340. Idan damana ta gaza, eka ta ba da kilo 300, sai eka 680. Wannan ɗan lissafi ya isa ya nuna wa manomi dalilin da ya sa garke ke tsaye bakin gonarsa tun Oktoba a wasu shekaru. Bayan damanar 2009, giɓin ciyawa na ƙasa baki ɗaya ya kai kusan tan miliyan 16, kimanin kashi biyu cikin uku na abin da dabbobi ke bukata, kuma dabbobi masu yawa sun mutu a 2010.

Sai ruwan sha, wanda sau da yawa ya fi ciyawa korar makiyayi. Tabkunan arewa na iya ƙafewa ciyawa na nan tsaye, garke kuma ba ya zama inda babu ruwa. Rahoton da ya nuna ciyawa ta wadata a Abalak ko arewacin Dakwaro, bai faɗi halin tabkuna da rijiyoyi ba, rabin labari ya kawo.

Akwai kuma hasashen damana, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa a 1974 ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, ke fitarwa tare da ACMAD da ma'aikatun ƙasashe. An fara wannan taro na masana a Abijan a 1998 da sunan PRESAO, yanzu na yankin Sahel ana kiransa PRESASS, ana kuma yin sa wajen ƙarshen Afrilu. Hasashen ba ya tsaida ranar sakin gonaki, amma yana ba da gargaɗi tun da wuri kan damanar da za ta makara ko wadda za ta ɗauke da sauri.

Inda alƙaluma ke da rauni

Ruwan Sahel ba ya sauka daidai. Tun wajen 1990, binciken EPSAT-Niger ya dasa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, kuma ya tabbatar da abin da manoma suka daɗe da sani: ƙauyuka biyu da ke da tazarar ƴan kilomitoci na iya samun bambancin milimita 100 ko fiye a damana guda. Idan ma'aunin gunduma yana harabar ofis a babban gari, adadin da ya bayar gaskiya ne ga harabar ofishin. Maigarin da ya miƙe a taro ya ce su ba su ga wannan ruwa ba, ba gardama da kimiyya yake yi ba, wani awo ne ya kawo daga wurin da babu ma'auni.

Tauraron ɗan'adam ma kore yake gani, ba ya tantance ciyawa. Garmani, wanda ya mamaye burtali da makiyayu da dama a kudancin Maraɗi, Doso da Damagaram, kore ne shar a hoto, amma dabba ba ta damu da shi ba. Garso, wanda Fulani ke aikawa duba makiyaya kafin garke ya tashi, yana kallon irin ciyawar, ko ƙarangiya ce ko wata, da nisanta da ruwa, da ko ƙasar na da kanwa. Taswira ta fi shi ganin faɗi, shi kuma ya fi ta sanin abin da saniya za ta ci.

Yawan dabbobin da ake sakawa cikin lissafi shi ma ƙiyasi ne: ana ɗaukar adadin babbar ƙidayar noma da dabbobi ta tsakiyar shekarun 2000, a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara. Ga kuma abin da lissafin ciyawa ba ya gani sam. Makiyayar da ƴan bindiga suka hana shiga, a Tilaberi ko a kan iyakar Maraɗi da Zamfara, Katsina da Sakkwato, ciyawarta na cikin jimilla amma ba ta cikin abin da za a ci. Tun da Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019, dabbobin da a da ke wucewa kudu sukan daɗe a Doso.

Hasashen damana kuwa yakan sha mummunar fassara. Abin da masana ke bayarwa rabo ne uku: yiwuwar ruwa ya fi matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020, ko ya yi daidai da shi, ko ya gaza. Idan an ce, a misali, 45 da 35 da 20, ma'anarsa ita ce ko a hakan, sau ɗaya cikin biyar ruwan zai gaza. Kafin labarin ya iso rediyon ƙauye, sai ya koma «bana damana za ta yi kyau». Ranar da ba ta yi ba, jama'a su ce masana sun yi ƙarya, alhali mai fassara ne ya yanke wutsiyar maganar. Irin wannan yankewa na cin amanar da za a bukata a taro na gaba.

Abin da awo ba ya yankewa

Ko da dukan alƙaluman sun inganta, akwai tambayar da ba su da amsarta. A ce rahoto ya nuna an girbe kashi 90 cikin 100 na gonakin gunduma. Shin a saki gonaki don garkunan da suka fara rama, ko a jira sauran goman? Adadin bai ce komai ba a kan wannan. Sai an tambayi su wane ne goman, kuma sau da yawa su ne waɗanda suka sake shuka, da masu maiwa, da mata masu ƴan gamana na wake, riɗi da yakuwa, waɗanda ba sa samun hannun girbi sai an gama gandun gida. A Maraɗi ga masu aya, wadda haƙarta ke ɗaukar lokaci. Zaɓen wanda zai ɗauki asara magana ce ta adalci, kuma mahalarta taro ne ke da alhakinta. Ma'aikacin da ya ce «alƙaluma sun ce a saki ranar kaza» ya ɗora wa alƙaluma abin da ba su faɗa ba.

Kara kansa ya zama abin jayayya. A da, manomi na maraba da garke bayan girbi, har ya ba da hatsi don dabbobi su kwana a gonarsa su bar taki. Yanzu manoma da yawa na da nasu tumaki da shanu, kara da harawa kuma sun zama hajar kasuwa, don haka kowane mako na jinkiri dama ce ta kwashe gona tas a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki. Makiyaya na kukan cewa ana sakar musu gonakin da ba komai a cikinsu. Bincike bai goyi bayan ɓangare guda ba: gwaje-gwajen Sadore sun nuna cewa barin kara kusan tan biyu a eka na rage zaizayar iska, yana ƙara amfanin gero, yayin da binciken da aka yi a yankin Fakara ya nuna irin ƙarfin da kwanan dabbobi ke ba gona na shekaru. Ƙasa na son karan, dabba na son sa, aljihun manomi ma haka. Kowane ɓangare na iya ɗauko binciken da ya yi masa daɗi, kuma a taro ana yin hakan.

Yadda hujja ke samun karɓuwa

Abin da aka gani yana aiki shi ne awon da mutane suka sa hannu a cikinsa. Mali ta fara bai wa manoma ma'aunin ruwa tun 1982, su karanta da kansu su haɗa da shawarar rediyo. Daga 2008, shirin METAGRI na hukumar yanayi ta duniya ya yaɗa wannan a Afirka ta Yamma, har da Nijar, ta hanyar tarukan ƙauye inda ake raba ma'aunin roba mai sauƙin karantawa. Ƙauyen da ke da littafin ruwansa na shekara biyar na shiga taro da abin da zai ajiye kusa da takardar ma'aikata, sai gardama ta koma kwatanta awo da awo.

Hanyar PICSA, wadda jami'ar Reading ta Ingila ta tsara, aka yi amfani da ita a arewacin Gana, Mali da Senegal, ta ƙara wani abu. Ana zana ruwan shekaru talatin ko fiye na tasha mafi kusa, a shimfiɗa a gaban manoma, su ƙirga da kansu sau nawa damana ta gaza abin da irinsu ke bukata. Wanda bai yi boko ba ma yana iya ƙirga ɗigo a takarda. Ƙa'idar hanyar ita ce malamin gona ya kawo bayani, manomi ya zaɓa. Ba don sakin gonaki aka tsara ta ba, amma darasinta ya dace da shi.

A matakin gunduma, mafi amfani shi ne rangadin haɗin gwiwa kafin taro, inda malamin gona, malamin dabbobi, wakilin sarki, wakilin manoma da rugga ke shiga mota guda su zaga gonaki da tabkuna. Gani ya kori ji, kuma da wuya mutum ya musanta a taro abin da ya gani tare da abokin jayayyarsa. Matsalar rangadi ita ce kuɗin mai, kuma shi ake fara yankewa idan kasafi ya gaza.

Harshe da kujera su ma suna cikin hujja. Rahotanni da Faransanci ake rubuta su, da tan da eka, alhali mutanen da abin ya shafa da dami da tiya suke awo, da Hausa, Fulatanci, Zabarmanci ko Tamashek suke magana. Idan ba a mayar da tan miliyan zuwa «wata nawa ciyawar nan za ta riƙe garke» ba, ma'aikata ne kawai suka yi taro, sauran sun zo sauraro. Sannan makiyayin da shawarar ta fi shafa, wato mai tafiya, yana daji da dabbobinsa ranar taron. Ƙungiyoyi irin su AREN na magana da yawunsa, kamar yadda FUMA Gaskiya ke yi wa manoman Maraɗi, amma wakilin da ke zaune a gari ba koyaushe yake da labarin tabkin da ya ƙafe makon jiya ba.

Bayan an tsaida ranar

Doka ta bukaci a yaɗa ranar sosai, kuma ana yin hakan ta rediyoyin al'umma, sanƙira a kasuwa, masallatai da sarakuna. Idan ɓarna ta auku kafin ranar, ana fara neman sulhu a gaban sarakunan gargajiya, tare da kwamitin da manoma da makiyaya ke da kujeru daidai a cikinsa, kafin a je kotu. A nan ma awo ya maye gurbin ƙiyasin ido: ana auna filin da aka ci, a duba amfanin da eka ke bayarwa a yankin da farashin kasuwa, a rubuta takardar sulhu. Noman rani bai shiga cikin sakin ba. Mai lambu ko mai rogo shi ke da alhakin shinge abinsa.

Ranar rufe gonaki a farkon damana ba ta cika ɗaukar hankali kamar ta saki ba, amma matsalar iri ɗaya ce a juye. Manoman kudu na shuka da ruwan farko na Mayu ko Yuni, a daidai lokacin da ciyawar arewa ba ta tsiro ba, tabkuna ba su kama ruwa ba, shanu kuma sun fi kowane lokaci rauni. Garken da aka ce ya fita daga gonaki na bukatar burtalin da ba a nome ba da rijiya a kan hanya, kuma tsakanin shukar Madarumfa da tsiron ciyawa a arewacin Tarka akan samu makonni da dama.